Da gaske ne zaman tattara hankali irin na mabiya Buda yana sauya ƙwaƙwalwa?

Bala_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun shekaranjiya wani abu ya tsaya mini a rai. Ƙanena ya turo mini bidiyo, an nuna wani dattijo Bature da jan mayafi irin na masu zuhudun addinin Buda, an rufe masa kai da wayoyi. Mai magana ya ce masana sun auna ƙwaƙwalwarsa, sun gano duk duniya babu wanda ya kai shi farin ciki, kuma wai sirrin shi ne zaman da suke yi shiru suna tattara hankali. A ƙarshe ya ce ko kai ma in ka riƙa yin minti goma kullum, cikin mako takwas ƙwaƙwalwarka za ta sauya. Ni dai hawan jini gare ni, barci kuma yana yi mini wuya tun da kasuwa ta ja baya. Ba don gardama nake tambaya ba. Akwai gaskiya a ciki? In akwai, addinin nasu ne ke aikin ko zaman ne kawai?

UmmuKhalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, Malam Bala. Ni ma an turo mini shi. Ina Dakta Sa'idu, a taimaka mana.

Dakta_Sa'idu:
Wa alaikumus salam, Malam Bala, Allah ya yaye. Dattijon sunansa Matthieu Ricard, Bafaranshe ne. Sai da ya gama digirin digirgir a fannin ƙwayoyin halitta a Cibiyar Pasteur ta Faris a 1972, sannan ya tattara ya koma yankin Himalaya, daga baya ya zauna a gidan zuhudu na Shechen a Nefal. Laƙabin nan na "wanda ya fi kowa farin ciki" 'yan jarida ne suka liƙa masa, shi da bakinsa ya sha musanta shi. Yaya ma za a yi a sani, tunda ba a auna mutanen duniya duka ba?

Amma binciken an yi shi. A Jami'ar Wisconsin ta Amurka ne, a ɗakin binciken Richard Davidson, aka buga sakamakon a 2004, Antoine Lutz ne a gaba. Sun ɗauki mutum 8 da suka yi nisa a tafarkin Tibet, kowannensu ya yi tsakanin awa 10,000 zuwa 50,000 yana wannan zama, cikin shekara 15 zuwa 40. Aka jera su da ɗalibai 10 da aka koya wa abin na mako guda. Aka sa musu hular EEG mai wayoyi fiye da ɗari, wadda ke ɗaukar 'yar wutar lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Sai aka ce su shiga yanayin da suke kira tausayi marar iyaka, wato mutum ya cika zuciyarsa da jinƙan duk mai rai ba tare da ware wani ba. Nan take igiyar da ake kira gama, mai kaɗawa sau 25 zuwa 42 a daƙiƙa, ta tashi da ƙarfi sosai, sassan ƙwaƙwalwa masu nisa da juna suka riƙa kaɗawa tare kamar makaɗan da hannunsu ya haɗu. Ɗaliban ko kusa ba su yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun kafin a ce su fara, suna zaune kawai, gamar tasu ta riga ta ɗara ta ɗaliban.

Batun minti goma kuwa, mu yi lissafi. Awa 10,000 ita ce mafi ƙaranci a cikinsu. Mai yin minti goma kullum sai ya shekara fiye da 160 kafin ya kai nan.

Mai_Bin_Diddigi:
Dakta, da izininka. Mutum 8 fa. Kuma shekarun masu zuhudun a tsaka-tsaki 49 ne, na ɗaliban 21. Abincinsu daban, ƙasarsu daban, tarbiyyarsu daban. Wa ya ce ba dama can masu irin wannan ƙwaƙwalwar ne ke iya jure zaman kogo na shekara uku ba? Sannan tsokar goshi da ta muƙamuƙi su ma suna fitar da lantarki a daidai wannan zangon na gama, in mutum ya ɗan ɗaure fuska sai ya gauraya da na ƙwaƙwalwa.

Dakta_Sa'idu:
Duk abin da ka faɗa haka yake, kuma masu binciken sun san da shi, sun yi ƙoƙarin tace batun tsokar da na shekarun. Sun kuma ga cewa wanda ya fi yawan awoyi shi ya fi ƙarfin gama, wannan yana ɗan nuna horo ne. Amma irin wannan binciken ba ya iya rabe tsakanin abin da aka haifi mutum da shi da wanda ya koya. Sai an ɗauki mutane tun ba su fara ba, an raba su ta hanyar ƙuri'a, an bi su.

To a nan ne labarin mako takwas ya shigo. A 2005 Sara Lazar ta Harvard ta duba mutum 20 masu wannan zama, ta ga ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi kauri a wasu wurare, har da insula, sashen da ke jin abin da ke faruwa a cikin jiki, kamar bugun zuciya da numfashi. A 2011 Britta Hölzel, a ɗakin binciken guda, ta bi mutum 16 da suka yi kwas na mako takwas, ta ce an samu ƙari a hifokamfos, sashen da ke da hannu wajen ajiye tuni. Wannan shi ne ya zagaye duniya, shi mai bidiyonka yake maimaitawa. Abin da ba ya faɗa shi ne, a 2022 ɗakin binciken Davidson da kansa ya sake gwadawa da mutum 218, an raba su ta ƙuri'a, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI kafin kwas da bayansa. Ba a ga wani sauyi a ginin ƙwaƙwalwar ba. Mutumin da ya fi kowa son abin ya tabbata, shi ya fito ya ce bai gani ba. Ni wannan ya ƙara mini ganin girmansa.

Bala_Fagge:
Ke nan ƙarya ce, Dakta?

Dakta_Sa'idu:
A'a, kada ka yi saurin kai ta nan. Rashin ganin sauyi a hoto daban, rashin amfani daban. Bari masu aiki da marasa lafiya su yi magana, na ga Malama Rabi tana kan layi.

Malam_Habu_Zariya:
Kafin nan ina da magana. 'Yan'uwa, mu yi hattara. Wannan zama ba motsa jiki ba ne da wani likita ya ƙirƙiro, ibadar wasu mutane ce, tana da aƙida a bayanta. Su manufarsu kuɓuta daga maimaita haihuwa, kuma suna koyar da cewa babu wani "ni" tabbatacce a cikin mutum. Me Musulmi ya rasa a salla da zikiri da tilawa da zai je aro? Allah ya ce da ambatonsa zukata ke natsuwa.

Alhaji_Bankok:
Allah ya gafarta Malam, ni shekara goma sha ɗaya ina harkar duwatsu tsakanin Bankok da Cantaburi, bari in faɗi abin da idona ya gani. Da asuba in na fito daga masallaci nakan haɗu da su, sun jero layi ba takalmi, da mayafi ruwan goro, kowa ya rungume ƙoƙonsa. Mata su durƙusa bakin hanya su zuba musu shinkafa, shi mai karɓar ba ya ko ɗaga ido. Ranar da na fara gani sai almajiranmu suka faɗo mini a rai. In rana ta take, sun gama cin abinci ke nan sai gobe. Amma abin da nake so ku sani, yawancin mutanen gari da nake ciniki da su, mabiya Buda ne na haihuwa, ba sa wannan zaman. Addininsu a aikace sadaka ce, da zuwa wurin bauta, da kiyaye dokoki biyar: kada ka kashe, kada ka yi sata, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Wani abokin cinikina ya ce mini Turawa sun ɗauki reshe ɗaya sun bar bishiyar. Kuma Malam yana da gaskiya a wani gefen, in ka shiga wurin koyonsu na asali za ka tarar da sunkuya wa gunki da karatun neman mafaka wurin Buda. Ni ban taɓa shiga ba.

Nas_Rabi_Manchesta:
Salamu alaikum. Yanzu na sauka daga aikin dare, ku yi haƙuri in rubutun ya yi tsawo.

Abin da ake yi a asibitoci a nan ba shi da gunki ba shi da karatu. Wani masani ne, Jon Kabat-Zinn, ya fara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, don marasa lafiyar da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shi kansa wurin malaman Buda ya koya, bai ɓoye ba, amma ya cire ibadar ya bar horon hankalin. Mako takwas ne, haɗuwa sau ɗaya a mako, sai minti 45 kullum a gida.

Na yi shi bayan korona, lokacin da in na kwanta sai in riƙa jin ƙarar na'urorin ɗakin gobe-da-nisa a kunnena. Ranar farko mai koyarwa ta ba kowa ƙwayar zabibi guda ɗaya. Ta ce mu dube ta, mu murza ta, mu shinshina, mu ɗora a harshe kada mu tauna. Minti kusan goma a kan zabibi ɗaya. Wallahi a nan na gane na yi wata da watanni ina cin abinci a tsaye ban san ɗanɗanonsa ba. Bayan haka sai bin jiki da hankali tun daga yatsan ƙafa har tsakar ka, sai lura da numfashi. In tunani ya ɗauke ka, ka lura ya ɗauke ka, ka dawo, ba tare da ka zagi kanka ba. Shi ke nan fa aikin, dawowar.

Ya taimake ni? Ƙwarai. Ƙarar ba ta tafi nan take ba, amma na daina tsoronta. Ya warkar da ni? Ban ce ba, don a lokacin na rage aikin dare kuma na koma tafiyar ƙafa da yamma.

A ɓangaren hujja, wanda ya fi ƙarfi shi ne hana ciwon damuwa dawowa ga waɗanda ya taɓa kayarwa sau uku ko fiye. A 2015 an gwada a nan Ingila da mutum 424, rabi suka ci gaba da magani, rabi suka yi kwas suna rage maganin a hankali. Bayan shekara biyu, ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na masu kwas, da kashi 47 na masu magani. Kusan kunnen doki. A 2022 kuma a Amurka aka gwada shi da maganin fargaba mai suna escitalopram a kan mutum 276, sakamakon ya zo daidai wa daida.

Mai_Bin_Diddigi:
Malama Rabi, sannu da aiki. Sai dai a ƙara da wannan: a 2014 masana a Johns Hopkins sun tattara gwaji 47, mutum 3,515. Suka ce akwai amfani matsakaici ga fargaba da damuwa da ciwon jiki, amma ba su ga shaidar ya fi motsa jiki ko magani ba. Yana aiki, sai dai ba shi kaɗai ba ne a fagen.

ɗanDamagaram:
Ni tambayata a kan suna ce. Kowa yana cewa "zaman nan", "abin nan". Me za mu kira shi da Hausa? Natsuwa? Tunani?

Malama_Hadiza_Harshe:
Tunani kam bai dace ba, don tunanin ne ma ake koyon saki. Natsuwa kuma sakamako ce, ba aikin ba. Kalmar asali a harshen Pali, wato harshen tsofaffin littattafan addinin Buda, ita ce sati, kuma ma'anarta ta farko tunawa. Wani Bature masanin Pali, Rhys Davids, shi ya zaɓa mata kalmar Ingilishin da ta yaɗu yanzu, tun 1881. Abin da ake nufi shi ne ka riƙa tuna abin da ka sa a gaba, kada hankali ya sulale. Ku duba fa, zikiri ma a Larabci tunawa ne, kishiyarsa gafala. Ban ce abu ɗaya ba ne, abin da ake tunawa ya bambanta nesa ba kusa ba. Ni dai "halarto da hankali" nake cewa.

Malam_Habu_Zariya:
Malama, kin taɓo inda nake. Tunda muna da halartar zuciya da khushu'i da murakaba, malamanmu sun yi rubutu a kansu shekaru aru-aru, me ya sa sai Bature ya sa wa wani hula mai wayoyi sannan za mu yarda hankali yana horuwa?

Ustaz_Nura:
Allah ya gafarta Malam, ina tare da kai a kan cewa ba ma bukatar na'ura ta tabbatar mana da salla. Inda na ɗan saɓa shi ne, lura da numfashi shi kaɗai, ba niyyar bauta, ba lafazi, ba sunkuyo, a fahimtata yana babin magani ne, kamar yadda muke karɓar maganin gargajiyar mutanen Sin na soka allurai a jiki ba mu karɓi aƙidarsu ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma kada mu ce wa mai ciwon damuwa ƙarancin imani ne ke damunsa. Na san mahaddata da suka yi fama da shi.

Malam_Habu_Zariya:
Wannan ta ƙarshen na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta farkon dai ina nan a kan bakana.

Ishaku_Jos:
Ni Kirista ne, ina bin muhawarar da sha'awa. Dakta, an taɓa auna masu addu'a na wasu addinai? Don in an ga irin wannan a wurinsu, ai ya amsa tambayar Malam Bala ta biyu.

Dakta_Sa'idu:
An yi, Malam Ishaku, amma kaɗan. Andrew Newberg a Filadelfiya ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mabiya Buda na Tibet da na mata masu zuhudu 'yan Katolika suna tsakiyar addu'a. A duka biyun gaban ƙwaƙwalwa, inda ake riƙe hankali, ya ƙara aiki, kuma ya ba da rahoton sauyi a sashen da ke gaya wa mutum inda jikinsa ya ƙare duniya ta fara. A 2015 ya duba Musulmi, amma mutum 3 kacal. Da mutum 3 ba a gina hukunci. Dalilin da ya sa binciken ya taru a kan mabiya Buda ba wai don an gwada kowa su suka ci ba ne. Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, shi ne ya buɗe ƙofa. Tun 1987 yake zama da masana kimiyya, a 1992 ya karɓi Davidson a Daramsala ta Indiya ya ce masa, kuna ta nazarin fargaba da baƙin ciki, me ya hana ku nazarin kirki da tausayi? Ya kuma ƙarfafa wa mutanensa su shiga na'ura. Kuɗin bincike suka bi.

Sannan a sani, MRI ba ta ganin tunani, balle gaskiyar addini. Ko nau'inta mai duba aikin ƙwaƙwalwa, yawan iskar oksijin a jinin da ke kwarara wani sashe take aunawa. Duk abin da ka daɗe kana yi yana barin sawu. A 2000 an ga bayan hifokamfos na direbobin tasi na Landan ya fi na sauran mutane girma, saboda haddace tituna. Ba wanda ya ce tuƙin tasi addinin gaskiya ne.

Hafiz_Gombe:
To ina ma a auna alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka. Shekara ashirin mutum yana tilawa, ai dole a ga wani abu.

Talatu_K:
Na daɗe ina karantawa ban so in yi magana ba, amma kada wani ya faɗa inda na faɗa. Shekara biyu da suka wuce muka yi haɗari a hanya, ƙanwata ta rasu a gefena. Bayan wata huɗu wata ƙawata ta sa mini manhajar irin wannan zama a waya. Muryar ta ce in rufe ido in bi numfashina. Kwana biyun farko lafiya. A na uku, ina jin iska tana shiga tana fita, sai na ji ta ƙanwata, yadda take ja da ƙyar a cikin motar. Jikina ya ɗauki rawa, na ji kamar hannuwana ba nawa ba ne. Na ɗauka laifina ne, ban iya ba, sai na ƙara lokaci. Abin ya ƙaru, har na kwana uku ban runtsa ba. Sai da yayata ta kai ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, ita ta ce in daina nan take. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ba kowa ne rufe ido ke yi wa daɗi ba.

UmmuKhalil:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Kin kyauta da kika faɗa.

Nas_Rabi_Manchesta:
Talatu ƙanwata, ba laifinki ba ne ko kaɗan. Abin da ya same ki sananne ne. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru a kansa. A 2017 ita da abokan aikinta sun buga hirar da suka yi da mutum 60 masu wannan zama da suka gamu da matsala: firgita, rashin barci, dawowar tsohon tashin hankali, jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Wasu wata da watanni suka yi suna fama. Littattafan mabiya Buda na da can ma sun ambaci irin waɗannan, shi ya sa a wurinsu ba a yi sai da malami a kusa. A kwas ɗinmu sai da aka yi wa kowa tambayoyi kafin a karɓe shi, kuma mai irin tarihinki akan ce ya bar ido a buɗe, ko ya sa hankali a tafin ƙafarsa ko a wani sauti maimakon numfashi. Manhaja ba ta san wa ke riƙe da wayar ba.

Malam_Sani_Firamare:
Ni malamin makaranta ne. Na ji ana koya wa yara a Turai. Yana sa su natsu a aji?

Mai_Bin_Diddigi:
An gwada a Birtaniya, gwaji babba, yara fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu fiye da 80. Sakamakon ya fito a 2022: bai fi darasin da aka saba ba wajen lafiyar hankalin yaran. Yawancinsu ma ba su yi aikin gidan ba, da yawa sun ce ya gundure su. Malaman da suka koyar ne suka ɗan samu sauƙin gajiya na wani lokaci.

ɗanDamagaram:
Mu koma kan ƙwaƙwalwar. In ginin bai sauya a mako takwas ba, to me ke sa Malama Rabi ta ji sauƙi?

Dakta_Sa'idu:
Tambaya mai kyau. Gini daban, yadda ake zirga-zirga a cikinsa daban. A 2001 Marcus Raichle ya bayyana wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke tashi aiki daidai lokacin da mutum ba ya yin komai. Su ne masu saƙa da warwara: abin da wane ya faɗa mini jiya, kuɗin makarantar yara, in kaya ba su iso ba fa. Ni da'irar zancen zuci nake kiranta. A 2010 masana biyu a Harvard suka bi mutum 2,250 ta waya, suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi, ina hankalinsu yake. Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan hankalin ba ya kan abin da ake yi, kuma a lokutan nan mutane sun fi cewa ba sa jin daɗi. A 2011 Judson Brewer a Yale ya ga cewa a wurin waɗanda suka daɗe suna wannan zama, manyan cibiyoyin da'irar nan suna lafawa. Mutum goma sha biyu ne, a riƙe wannan. Amma ya dace da abin da masu ciwon damuwa ke faɗa, cewa tunanin yana zuwa, sai dai ba ya jansu cikin rami kamar da.

Haka batun zafi. Fadel Zeidan ya koya wa mutum 15 na kwana huɗu, minti 20 kullum, ya ɗora musu ƙarfe mai zafi a ƙafa. Ƙarfin zafin da suka ce sun ji ya ragu da kashi 40, damuwar da zafin ke jawowa ta ragu da kashi 57. Wato zafi yana nan, amma ƙorafin da zuciya ke ɗorawa a kansa ya ragu.

Ustaz_Nura:
Da'irar zancen zuci. Duk wanda ya taɓa kabbara salla ya tsinci kansa a kasuwa kafin ruku'u ya san ta.

Ishaku_Jos:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne, mutum 8 ɗin nan na farko ba numfashi suke bi ba, tausayi suke yi. Amma duk manhajojin da ake tallatawa na rage gajiya ne don ka koma aiki.

Nas_Rabi_Manchesta:
Malam Ishaku, ka taɓo abin da ya fi amfanata. Tania Singer a Laifzig ta Jamus, tare da Ricard ɗin nan na bidiyo, sun nuna cewa jin zafin wani daban, tausaya masa daban, har a ƙwaƙwalwa. In ka tsaya a jin zafinsa kawai, sassan da ke aiki lokacin naka ciwon ne ke tashi, kuma shi ke ƙone ma'aikatan jinya. In ka juya zuwa fatan alheri gare shi da niyyar taimako, wasu sassan ne daban, masu alaƙa da ƙauna da kusanci. Da na san wannan sai na sauya yadda nake tsayawa a kan gadon mai jin jiki. Maimakon in haɗiye ciwonsa, sai in riƙa yi masa addu'a a zuciyata ina gyara masa ƙarin ruwa.

Bala_Fagge:
Na gode ƙwarai, jama'a, na ƙaru. Talatu, Allah ya jiƙan ƙanwarki. Amma Dakta, har yanzu ban ji nawa ba. Hawan jinin da rashin barcin fa?

Dakta_Sa'idu:
Malam Bala, maganinka na hawan jini kada ka kuskura ka ajiye shi saboda wani zama, kowane iri ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba batun a 2017, abin da ta ce shi ne ana iya ƙara shi a kan magani, ba a madadinsa ba, kuma hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Rage gishiri da dunƙulen miya da tafiyar ƙafa ta minti talatin sun fi shi tabbas. Barcin kuma ka gaya wa likitanka, don wani lokaci minshari mai yanke numfashi ne ke haɗa rashin barci da hawan jini. Ka tambayi uwargida ko kana yi.

Malam_Habu_Zariya:
Ka kuma riƙe azkar na kwanciya, ka yi su a hankali kana jin ma'anarsu, ba a guje ba. Waya kuma ta kwana a falo.

Alhaji_Bankok:
Ta wayar nan kam ko masu jan mayafin za su sa hannu.

Hafiz_Gombe:
Dakta, ba ka amsa tawa ba. In wani ɗalibi a jami'o'inmu yana son ya auna alarammomi, hular nan tana da tsada ne? Akwai ta a asibitocin koyarwa?

Dakta_Sa'idu:
Akwai EEG a manyan asibitocin koyarwa, da ita ake duba masu farfaɗiya, sai dai wayoyinta wajen ashirin ne, ba ɗari da wani abu ba. Za ta iya somawa. Wahalar ba a na'urar take ba, a samo waɗanda za a jera su da su ne: shekaru ɗaya, gari ɗaya, abinci ɗaya, amma ba su yi hadda ba. In ba haka ba, Mai_Bin_Diddigi zai yi mana irin tambayar da ya yi wa mutanen Wisconsin. Ka turo mini saƙo ta gefe mu yi magana.

Bala_Fagge:
Na tambayi uwargida. Ta ce ina yi, har wani lokaci sai ta taɓa ni don ta ji shiru ya yi yawa. Ranar Litinin in sha Allahu zan je asibiti.